Da Daddare Yana Tsalle, da Asuba Ya Mutu: Me Ya Kashe Ɗan Zomon 'Yata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mako biyu da suka wuce na saya wa 'yata mai shekara tara 'yan zomaye biyu a kasuwa. Mai sayarwa ya ce sun kai wata biyu, amma ƙanana ne ƙwarai, kowanne bai fi cikin tafin hannuna ba. Dusa da ganye muke ba su. Shekaranjiya da daddare lafiya lau muka bar su, da asuba muka tarar da farin a miƙe ya mutu, cikinsa a kumbure, gindin wutsiyarsa ya ɓaci da zawo. Yarinyar ta ƙi cin abinci, sai kuka take tana cewa ita ta kashe shi, don ta ba shi ganyen kabeji da yamma. Babanta ya ce zomo ne fa, a sayo wani a huta. Ni kaina abin ya tsaya mini a rai. Me ya kashe shi? Laifinmu ne? Me zan ce mata? Ɗayan da ya rage fa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ku haƙuri, ya mayar muku da alheri. A gaishe mini da 'yar tawa, a ce mata likitan dabbobi ya ji labari, yana yi mata jaje.

Bari mu fara da mai rai, don shi ne ba zai jira mu gama magana ba. Yau ɗin nan ki cire shi daga kejin da ɗan'uwansa ya mutu a ciki. Ko kwali ne mai tsabta, a inuwa, inda iska ke ratsawa, ya wadatar. Ki zuba masa busasshiyar ciyawa ko harawar da ruwa bai taɓa duka ba, ki ajiye masa ruwa a kwanon da ba zai iya kifarwa ba, ki rage dusar nan sosai, kuma kada a ƙara masa wani ganyen da bai saba da shi ba. Sai ki tsince kashin da ya yi yau, kamar cikin cokali, ki ƙulle a leda, ki ɗauke shi ku tafi wurin likita. Ku da kuke Zariya ma kun huta, ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru. Duba kashi a madubin likita aikin 'yan mintoci ne, kuma shi zai nuna ko akwai ƙwan cutar da nake zargi.

Daga yau har mako biyu masu zuwa, abu biyu za ki sa wa ido: bakinsa da kashinsa. Zomo mai lafiya ba ya daina ci, ba ya daina zubar da 'yan ƙwayoyin kashin nan busassu masu kama da wake. Babban zomo in ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, maganar gaggawa ce. Ɗan ƙarami kamar wannan ma ba a jira ya kai haka. In kin gan shi ya takure a lungu, yana cizon haƙora, kunnuwansa sun yi sanyi, ko kashin ya fara laushi, ki naɗe shi da tsumma ya ji ɗumi ku kama hanya.

Roƙo ɗaya nake yi miki, kuma da babbar murya: kada kowa ya buɗe kafso ya zuba masa a ruwa. Na san halinmu, da dabba ta yi zawo sai a aiki yaro kemis ya sayo Ampiclox ko amoksisilin. Kare ko kaza za su iya jure su. Zomo kuwa, waɗannan da 'yan'uwansu irin su linkomaisin, kilindamaisin da eritiromaisin, in ta baki aka ba shi, guba aka ba shi. Suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, su bar wa masu dafi fili. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mini da zomanya guda a kwali, yana cewa annoba ta cinye masa garke. Da muka bi diddigi, ashe guda ɗaya ce ta fara atishawa, shi kuma ya zuba wa kowa kafso a ruwan sha, wai rigakafi. Annobar a aljihunsa ya shigo da ita. Haka nan maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fifronil, ba a ɗiga wa zomo shi.

To, me ya kashe farin? Ban ga gawar ba, kuma duk likitan da ya ce miki ga takamaiman abin da ya kashe dabba alhali bai buɗe ta ba, kintace yake yi. Amma wasiƙarki ta ba ni abu uku da duk wuri ɗaya suke nunawa: ƙanƙantarsa, kumburin ciki, da zawo. Ciwon hanji ne na 'yan yaye, wanda shi ya fi komai kashe zomaye tsakanin mako huɗu zuwa wata uku.

Zomon da ya cika wata biyu ya wuce tafin hannu. Wanda ya zauna miki a tafi ɗan mako uku ne ko huɗu, wato an cire shi daga nono lokacinsa bai yi ba. Masu kai su kasuwa sun san 'yan ƙananan ne ke ɗaukar idon yara, kuma kowace rana da suka ƙara a gida abinci suke ci. Matsalar ita ce cikin ɗan zomo a wannan shekarun tsakanin gida biyu yake. Yana shan nono, nonon uwarsa na ɗauke da wani irin mai da ke kashe ƙwayoyin cuta a tumbinsa. In ya girma kuma, tsamin da ke tumbin ya kai ya ƙone kusan duk abin da ya haɗiya. Amma akwai 'yan makonni a tsakani da kariyar nono ta tafi, tsamin bai gama zuwa ba. Ƙofa a buɗe take, ba mai gadi.

Sannan akwai wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, mu muna ce mata sikam. A nan ne abincin zomo yake tsimuwa, ƙwayoyin halitta masu amfani suna narka ciyawar da ya ci. Kin san yadda ake kwana da nono: sai an zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara kafin ta kama ta zama kindirmo. Ɗan zomo ma a wurin uwarsa yake samun nasa irin, ta hanyar cin kashinta tun yana cikin sheƙa. Kada ki yamutsa fuska, haka Allah ya tsara su. Babban zomo ma kashi iri biyu yake yi, busasshen da muke sharewa, da wani mai laushi da yake cinyewa da dare ko da sassafe tun bai faɗi ƙasa ba, don daga nan yake samun wasu sinadaran gina jiki. Wanda aka raba da uwa da wuri, kindirmonsa bai gama kamawa ba. Sai ga wahalar kasuwa, ga rana, ga hannuwa barkatai, ga sabon gida, ga sabon abinci. In aka ƙara da dusa mai yawa, musamman ta masara mai gari-gari, ko burodi, ko ragowar tuwo, sitacin da ke ciki yakan zarce sikam bai narke ba. Akwai wata ƙwayar cuta daga dangin kulostiridiyam da wannan take jira. Ta hayayyafa, ta saki dafi, ciki ya cika da iska da ruwa. Daga farawa zuwa mutuwa wani lokaci dare ɗaya ne.

Ɗaya abin zargin masu kiwon kaji sun san shi, suna ce masa koksi, wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar cuta ce da ke zama a hanji ko a hanta. Na zomo daban ne da na kaji, ba sa ɗaukar na juna, amma aikinsu iri ɗaya ne. Manyan zomaye da yawa suna ɗauke da ita ba ta yi musu komai, suna zubar da ƙwanta a kashi. Ƙwan yana buƙatar kwana ɗaya zuwa uku a wuri mai laima da ɗumi kafin ya iya kama wani, shi ya sa ta fi ɓarna da damina da kuma kejin da ba a sharewa kullum. In ɗan zomo ya haɗiye shi, na hanji yakan ɗauki kamar kwana 5 zuwa 10 yana cin bangon hanjin kafin ya fito a kashi, na hanta kuma ya haura mako biyu. Ki lissafa da ranar da kika sayo su, za ki ga akwai yiwuwar farin nan da ciwonsa ya shigo gidanku. Tana da magani, irin na dangin salfa ko toltarazuril, amma likita ne zai auna nauyin zomon ya faɗi adadi.

Yanzu kabejin. Ba zan ce miki sabon ganye ba ya taɓa cikin ɗan yaye ba, yana taɓawa, shi ya sa muke cewa a riƙa gabatar da kowane sabon abu kaɗan-kaɗan. Amma ganye ɗaya ko biyu da yamma ba ya kashe lafiyayyen zomo kafin asuba. Abin da ya kumbura cikin nan ya yi kwanaki yana haɗuwa. Kuma ina kyautata zaton baƙin ko wane launi ne ɗayan, shi ma ya ci kabejin, ga shi nan da ransa. Kabeji dai shi ne abu na ƙarshe da yarinyar ta gani da idonta, shi ya sa ta kama shi. Manya ma haka muke yi.

Maganar da kika yi cewa lafiya lau kuka bar su, ita nake ji daga bakin kusan duk wanda zomonsa ya mutu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Zomo abincin kowa ne a daji, shaho na nemansa, maciji na nemansa, kare na nemansa, kuma mai rauni ake fara ɗauka. Saboda haka halittarsa ce ya ɓoye ciwo. Zai zauna daidai, ya ɗaga kunne, har ya ɗan taɓa ganye in kina kallonsa, alhali cikinsa na ci da wuta. Ba ya kuka kamar akuya, ba ya iya amai ko kaɗan, ba ya rame wa ido a kwana ɗaya saboda gashi ya rufe. Ranar da ya kasa ɓoyewa, galibi aiki ya riga ya yi nisa. Ga shi jikin ɗan mitsitsi ne, zawon awa kaɗan ya isa ya tsotse ruwan jikinsa. Mu da muka yi shekaru muna wannan aiki, akwai zomon da muke dubawa da safe mu ce da sauƙi, kafin la'asar a kira mu a ce ya tafi. Abin da muke kira mutuwar farat ɗaya, a wurinmu ne take farat ɗaya.

Akwai wasu abubuwan da ke kashe zomo cikin dare, kuma gara ki san su saboda ɗayan da ya rage.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne cutar zubar jini ta zomaye. Ƙwayar bairos ce, an fara ganinta a ƙasar Sin a 1984. Tsohon nau'inta ba ya cika kashe 'yan ƙasa da wata biyu, amma a 2010 wani sabon nau'i ya ɓulla a Faransa wanda bai bar babba ba bai bar yaro ba, kuma a 2020 aka tabbatar da shigowar cutar Najeriya, a jihohin Oyo da Kwara. Hanta take lalatawa. Sau da yawa ba a ganin komai sai gawa, wani lokaci da kumfar jini a hanci. Ƙuda na ɗaukarta, takalmi na ɗaukarta, ciyawa da keji da hannun mutum duk suna ɗaukarta, kuma tana iya yin watanni a wuri ba ta mutu ba. Ba ta kama mutum, ba ta kama kaji ko awaki, wannan ki kwantar da hankalinki. Kumburi da zawon da kika gani sun sa ban sa ta a gaba ba. Amma in, Allah ya kiyaye, ɗayan ya bi shi cikin 'yan kwanakin nan ba wata alama, kada a jefar da gawar. A sa ta a leda biyu, a sa a cikin kula mai ƙanƙara, ban da firiza don daskarewa na ɓata abin da ake son gani, a kai asibitin dabbobi a ranar. Su za su buɗe, in da buƙata su aika samfur Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos.

Sai zafi. Mutane na cewa ai zomo ɗan daji ne, ya saba da rana. Ba haka ba ne. Zomon dajinmu, mai dogayen ƙafafu da ake farauta, jinsinsa daban, ana haihuwarsa da gashi ido a buɗe, a fili yake rayuwa. Na gida kuwa asalinsa daga Sifen da Fotugal yake, ana haihuwarsa tsirara ido a rufe, kuma kakanninsa a rami suke wuni, sai rana ta yi sanyi su fito. Ba ya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi. Da yanayi ya haura digiri 30 ya fara wahala, a 35 yana iya faɗuwa. Ki tuna yadda Zariya take a Maris da Afrilu, sannan ki ɗora keji a ƙarƙashin rufin kwano. Ga kuma camfin nan na cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Wannan magana ta kashe zomaye ba adadi. Yana sha, kuma sosai, kamar mililita 50 zuwa 150 a kowane kilo na nauyinsa a rana.

Firgita ma na kashe su. Muzuru ya kwana yana zagaya keji, ko bai taɓa shi ba, da safe a tarar da gawa. Ƙashinsa kuma ba shi da ƙwari, bai wuce kashi 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, ga ƙafafun baya masu ƙarfi, shuri ɗaya in ya yi a sama yana iya karya gadon bayansa. Wannan ɗauka da kunne da muka gada, a daina ta. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, a manna shi da jiki, yara kuma su zauna a ƙasa kafin a miƙa musu. Sauran su ne na cikin gida da kowa ya sani: fiya-fiya da aka fesa kusa da su, shinkafar ɓera, ganyen latas da kabejin da aka tsinto a kasuwa da feshin gona a jikinsa, da dusa ko harawar da ta yi fumfuna. Zomo ba ya jure gubar fumfuna ko kaɗan. Duk abin da kika sansana kika ji warin laima, a zubar.

Kejin kuma a ƙone shimfiɗar da ke ciki, a kankare kashin tas, a wanke da sabulu, sannan a jiƙa shi da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, kashi ɗaya a cikin ruwa kashi tara, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Ƙwan koksi ba ya jin bilic sosai, shi tafasasshen ruwa da rana mai zafi ne maganinsa, don haka a kwarara masa ruwan zafi a shanya shi kwana biyu ko uku. In na katako ne da ya sha fitsari ya jiƙe, ni dai da wuta zan haɗa shi. Duk wanda ya taɓa kejin ko zomon ya wanke hannu da sabulu.

Kin tambaya ko laifinku ne. Dalili daban, laifi daban, Hajiya, kuma rashin raba su ne yake hana mutane barci. Dalilai akwai, na lissafa miki su, wasu ma a gidanku suke, kamar yawan dusar nan. Laifi kuwa sai mutum ya sani ya take. Kin sayi dabba an ce miki ta kai wata biyu, kin ba ta abin da kika ga kowa na ba zomaye, kun duba ta da daddare kun gan ta tana tsalle. Abin da kika sani yau ba ki san shi shekaranjiya ba, kuma ba adalci ba ne ki hukunta waccan matar da ilimin wannan. Ko da a ce kun farka da tsakar dare kun gan shi, ɗan yaye da ciki ya riga ya kumbura, a hannunmu ma kaɗan ne suke tashi. Ban faɗi wannan don in lallashe ki ba, abin da nake gani ne a teburin aiki.

Ita yarinyar, abu na farko kada a yi mata ƙarya, kuma kada a rufe mata baki. In ta ce ita ta kashe shi, aka ce mata "ke daina wannan magana", ba ta daina ba, ta dai daina faɗa ne. Ki zaunar da ita ki tambaye ta me ya sa take ganin haka, ki bari ta kai ƙarshe. Sannan ki ba ta amsa ta gaskiya daidai kanta, kamar haka: "Na tambayi likita. Ya ce an raba zomon nan da uwarsa tun bai isa ba, kuma ciwon ya daɗe a cikinsa kafin ki ba shi kabeji. Ya ce zomaye ɓoye ciwo suke yi, ko manya ba sa ganewa. Ke abinci kika ba shi don kina son sa." Za ta sake tambaya gobe, ta sake jibi. Ki maimaita mata amsar nan ba tare da ƙosawa ba, a maimaicin ne take shiga. In tana son ta ji daga bakin likita, ki tafi da ita Samaru ta yi tambayar da kanta. Na sha ganin yaron da uwarsa ta yi kwana uku tana faɗa masa bai yarda ba, mai farar riga ya faɗa sau ɗaya ya share hawaye.

Shekara tara shekarun da yaro yake gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa ne, kuma abin zai iya faɗa wa kowa. Kada ki yi mamaki in cikin kwanakin nan ta tambaye ki ko ke ma za ki mutu, ko ta ƙi kwana ita kaɗai, ko ta riƙa tashi da dare tana leƙa ɗayan zomon. Wataƙila wannan ce mutuwa ta farko da ta taɓa ta a jiki. Yadda aka riƙe ta a wannan, da shi za ta auna ko gidansu wurin kawo baƙin ciki ne ko wurin ɓoye shi. Muna yara an karantar da mu labarin Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Manzon Allah (SAW) ya shigo gidansu ya ga yaron a cikin damuwa, ya tambayi dalili aka gaya masa. Sai ya kira shi da alkunya kamar wani babban mutum, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun nasa. Bai ce masa tsuntsu ne fa ba.

Ba ki gaya mini sunan farin ba, amma na tabbata ta raɗa masa. Ki riƙa kiransa da sunan in kuna maganarsa. In gawar na nan ba a kai ta bincike ba, a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, a bar ta ta tsaya a wurin in tana so. In an riga an jefar a bola, ya wuce, kada ki ɗora wa kanki wannan ma, sai dai a gaba a riƙa binnewa saboda cuta. Ƙin cin abinci na yini ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, kada a yi mata tsawa ko ɗure, ki dama mata kunu ko abin da take so ku sha tare. In ya zarce kwanaki tana ƙin ci, ko makonni suka wuce ba ta barci, ba ta son makaranta, ba ta wasa da ƙawaye, to a kai ta wurin likitan yara.

Maigida kuma ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba. Yawancinmu mun taso zomo dabbar kiwo ce kamar kaza, a yi kiwo a yanka, kuma shi a ganinsa hanya mafi sauri ta tsayar da kukan 'yarsa ita ce a cike gurbin. Sai dai sabo ake yi wa kuka. Ita ba zomo ta rasa ba, wancan zomon ta rasa, wanda yake zuwa in ta tsuguna. Ki faɗa masa cikin ladabi cewa likita ya ce a dakata, kuma ba don zuciyar yarinya kaɗai ba. Ba mu san abin da ke cikin kejin nan da cikin ɗayan zomon ba tukuna. Sabon ɗan zomo daga kasuwa a wannan makon zai iya kawo wata cutar ya ba na gida, ko ya ɗauki ta gida, a wayi gari yarinya ta binne biyu ko uku maimakon ɗaya. In koksi ce, a gama magani a tsabtace wuri, bayan wata guda a yi maganar sabo. In bincike ya nuna cutar zubar jini ce, sai an yi wata uku zuwa huɗu, kuma ki tambayi likitan ko ana samun allurar rigakafinta a kusa.

In lokacin ya yi, kuma ita ta ce tana so, kada a koma kasuwa. A je gidan mai kiwo, a ga uwar, a ga tsabtar wurin, a zaɓi wanda ya cika mako takwas da gaske, mai nauyi a hannu, gindin wutsiyarsa a bushe. A tambayi abin da yake ci, a karɓo kaɗan a taho da shi, a yi mako ɗaya ko biyu ana sauya masa a hankali. Ya zauna a kejinsa daban aƙalla mako biyu kafin ya haɗu da na gida. Ki sa a duba miki mace ne ko namiji, don daga wata huɗu suna iya fara haihuwa, cikin zomanya kuma kwana 31 ne kacal.

Kafin nan, ɗayan ma ya rasa abokin kwana, kuma zomo yakan rage ci in ya rasa na kusa da shi. Ki ba 'yar tawa aikinsa. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta ta canza masa ruwa, ta zuba sabuwar harawa, ta share kashin jiya, ta duba ko yana da yawa kuma a bushe yake, ta zo ta gaya miki. Da yamma ta zauna a ƙasa kusa da shi ba tare da ta ɗauke shi ba, ta bari shi ya zo. In likitan Samaru ya rubuta magani, ke za ki auna a sirinji, ita ta riƙe shi a cinyarta a naɗe da tawul.